Hitar ruwan zafi da sabbin dokokin Faransa: abin da 'yan'uwanmu na Paris da Lyon ya kamata su sani



Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp cewa Faransa ta haramta hitar ruwan zafi ta lantarki, wai duk mai tsohuwa a ɗakinsa dole ya cire ta ko a ci shi tara. Gidaje da yawa a Nima, Maamobi, Aboabo da Sabon Zango suna da ɗa ko ƙani a Paris ko Lyon, kuma duk yuron da ya salwanta a can, kuɗin makaranta ne ko na asibiti da ba zai iso nan ba. Shi ya sa na ga ya dace mu bi maganar daki-daki. Babu dokar da ta ce a cire hitar da ke aiki lafiya. Abin da ya canza shi ne irin hitar da ake sayarwa, irin wadda gwamnati ke tallafawa, da kuma makin da hita ke jawo wa ɗakin haya. Na ƙarshen nan ne ya fi shafar mutanenmu.

Bari mu fara da hitar kanta, don iyayenmu da ba su taɓa ganinta ba. Wani tanki ne da ake maƙalawa a bango, a banɗaki ko a kicin, mai cin lita 50 zuwa 300. Faransawa suna kiransa ballon ko cumulus. A cikinsa akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi, irin na butar lantarki. Don a ɗumama lita 200 daga digiri 15 zuwa 55, ana cin wuta kusan kilowat-awa 9. Wanda ke sayen wutar ECG ta kati ya san abin da yunit 9 a rana ke nufi. A ƙasar da sanyin Janairu ke hana mutum taɓa ruwan famfo, wanka da alwala da wanke-wanke duk a kan wannan tankin suke.

Dokar farko daga Tarayyar Turai ta zo. A 2013 aka kafa ƙa'idoji biyu a kan hitar ruwa, masu lamba 812 da 814, suka fara aiki ranar 26 ga Satumba 2015, aka ƙara tsaurara su a Satumbar 2017. Ɗaya ta tilasta manna takardar maki a jikin kowace sabuwar hita, wadda yanzu take daga A+ zuwa F, kamar taurarin da muke gani a jikin firiji a nan Ghana. Ɗayar ta hana kamfanoni fito da hitar da ta gaza wani mizani. Wannan nauyi a kan masu ƙerawa da masu sayarwa yake. Wanda hitarsa ta mutu yau a Paris zai iya shiga shago ya sayi tankin lantarki na gargajiya a sa masa, ba wanda zai tsare shi. Sai dai irin wannan tankin, komai kyansa, yawanci a C yake tsayawa, kuma tallafin MaPrimeRénov' na gwamnati ba ya biyan kuɗinsa.

Inda ƙofa ta rufe da gaske shi ne man fetur na ɗumama gida da kuma gas. Daga 1 ga Yuli 2022 an hana girka sabuwar tukunyar da ke aiki da man da suke kira fioul, ko don ɗumama ɗaki ko don ruwan zafi, amma an bar gyaran tsohuwa. Dokar gini ta RE2020, wadda ta fara a Janairun 2022, ta kusan kore gas daga sababbin gidajen zaman iyali ɗaya. A tsofaffin gine-gine kuwa har yanzu ana sa tukunyar gas, sai dai an cire ta daga tallafi tun Janairun 2023, kuma daga 1 ga Maris 2025 harajin sayenta ya hau zuwa kashi 20 cikin ɗari. Wato ba a hana ka ba, an dai sa ka ji a aljihunka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowane ɗakin haya a Faransa yana da takarda mai suna DPE, wadda ke ba shi harafi daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci. A shi ne na gaba, G na ƙarshe. Ana haɗa abin da ɗumama ɗaki da ruwan zafi da fitilu ke ci a shekara, a raba da faɗin ɗakin. Bisa ma'aunin gama-gari, wanda ya haura kilowat-awa 420 a kowace murabba'in mita ya faɗa G. Dokar yanayi ta 22 ga Agusta 2021 ta ɗaura wa wannan harafin haƙora: tun Agustan 2022 mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗin hayar ɗakin F ko G, daga 1 ga Janairu 2025 ɗakin G ya fita daga jerin waɗanda doka ta yarda a bayar haya, F zai bi a 2028, E kuma a 2034.

To me ya haɗa wannan da hita? Mutum ɗaya ruwan wankansa ɗaya ne, ko a babban falo yake ko a ɗan ƙaramin ɗaki. A ƙaddara hita ta ci kilowat-awa 900 a shekara. A lissafin DPE ana ninka wutar lantarki da wata lamba, wadda daga 2021 zuwa ƙarshen 2025 ta kasance 2.3, sai ya zama 2,070. A raba da ɗaki mai murabba'in mita 15, an samu 138, tun ba a kunna abin ɗumama ɗaki ba. Ruwan zafi kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa G. Kuma irin waɗannan ɗakunan ne namu ke kamawa: ɗakunan can ƙarƙashin rufi a tsofaffin benayen Paris, waɗanda a da na 'yan aikin gida ne, da ƙananan ɗakunan Goutte d'Or da Château Rouge, da na Guillotière a Lyon.

Gwamnatin ma ta gane lissafin ya matse ƙananan ɗakuna. Daga 1 ga Yuli 2024 ta sassauta ma'aunin ga waɗanda ba su wuce murabba'in mita 40 ba, ta ce kusan gidaje 140,000 za su fita daga F da G. Sannan daga 1 ga Janairu 2026 lambar nan ta 2.3 ta sauka zuwa 1.9, inda aka ƙiyasta wasu kusan 850,000 za su tsira. A ganina wannan sassaucin masu gida ya fi yi wa rana. Harafi ya canza a takarda, amma tankin shi ne dai na jiya, kuma takardar kuɗin wutar ɗan haya ba ta ragu da sisi ba. Ɗakin da ya tashi daga F ya koma E, mai shi ya sake samun damar ƙara haya.

Hitar da gwamnati ke so a koma gare ta ita ce wadda suke kira chauffe-eau thermodynamique. Ku ɗauke ta kamar firiji da aka juya bayansa. Firiji yana zuƙe zafi daga ciki ya watsar waje, ita kuma tana zuƙo zafin iska ta zuba a ruwa. Da wannan dabarar take cin tsakanin rabi da kashi ɗaya cikin uku na wutar da tankin gargajiya ke ci. Tana da tsada, dubban yuro idan an haɗa da kuɗin aiki, alhali tankin gargajiya ɗaruruwa ne. A jadawalin 2025, MaPrimeRénov', wanda hukumar Anah ke gudanarwa tun 2020, yana ba masu ƙaramin ƙarfi sosai yuro 1,200 a kanta, na sama da su 800, matsakaita 400. Hitar hasken rana tana samun har 4,000. Sharuɗɗan biyu ne ke kayar da mutane: dole mai aikin ya zama yana da shaidar RGE, kuma dole a shigar da takardar neman tallafin kafin a fara aiki. Kuɗin na mai gida ne, ɗan haya ba ya cikin lissafi. Kuma adadin yana bin kasafin kowace shekara, don ko a tsakiyar 2025 sai da aka rufe ƙofar tallafin manyan gyare-gyare na wasu watanni.

Matsalar ita ce wannan hitar tana son wuri. Idan daga cikin gida za ta ja iska, ana so ta samu fili mai kusan mita 20 na cikin ɗaki, tsawo da faɗi da tsayi, irin gareji ko ɗakin ajiya. Abin dariya, wannan shi ne kusan girman ɗakin da dokar 2002 ta ce shi ne mafi ƙanƙantar da za a ba mutum haya: murabba'in mita 9 da tsayin mita 2.20. Ina za a ajiye ta? Sai a huda bango a jawo iska daga waje, kuma bangon bene na dukan masu gidajen ne, sai taronsu ya amince. A unguwannin tarihi kamar tsohon garin Lyon, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 1998, har masu kula da kayan tarihi suna da ta cewa kafin a taɓa fuskar gini. Masu gas ma suna da tasu. Tun 2015 yawancin sababbin tukwane dole su zama irin masu tsimin nan da ke sake amfani da zafin hayaƙinsu, amma ba a haɗa su da tsohon bututun hayaƙin da maƙwabta ke tarayya a kai, sai an gyara na benen gaba ɗaya. Kada wani ya yarda a yi masa haɗin gaggawa a nan. Iskar gas mai guba ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum.

Saboda haka ne biranen biyu suka mai da hankali kan gyaran bene sukutum. Paris tana da shirin Éco-rénovons Paris tun 2016 da ofishin Agence Parisienne du Climat, yankin Lyon kuma yana da Écoréno'v da ofishin ALEC. Shawararsu kyauta ce.

Ga ɗan'uwa mai haya, dokar a fili take. Idan hita ta mutu don tsufa, mai gida ne zai saya ya sa. Naka shi ne ƙananan gyare-gyare, bisa dokar 26 ga Agusta 1987, da kiran ma'aikaci ya duba tukunyar gas sau ɗaya a shekara, ka kuma adana takardar da zai ba ka. Na san halinmu, ba mu son hayaniya da mai gida, wani ma gani yake idan ya yi magana za a kore shi, sai ya ciro yuro 700 ya yi shiru. Rubuta masa wasiƙa mai rajista. Idan ya ƙi, je ofishin ADIL na yankinka, masana doka ne kuma ba sa karɓar ko sisi. Idan ɗakinka G ne, ba kai doka ke kora ba: haramcin yana hawa kan mai gida ne lokacin sabuwar yarjejeniya ko sabunta tsohuwa, kuma alƙali na iya tilasta masa gyara ko ya rage maka haya. Abu ɗaya dai, kada ka daina biyan haya da kanka don fushi, nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi.

Sai 'yan damfara, waɗanda jita-jitar nan ta fi yi wa amfani. Tun Yulin 2020 doka ta hana kamfanoni kiran mutane a waya suna tallan gyaran makamashi. Duk wanda ya kira ka ya ce daga gwamnati yake, wai hitarka ta saɓa doka, yana neman lambar harajinka, kashe wayar. Da lambar ake buɗe takardar tallafi da sunanka a kwashe kuɗin. Ofishin gwamnati na gaskiya shi ne France Rénov', kuma kai ne ke nemansa.

Wanda tankinsa ke aiki zai iya rage kuɗi ba tare da ya sayi komai ba. A tsayar da zafin wajen digiri 55. Ƙasa da 50 ƙwayar cutar lejiyonela na samun wurin hayayyafa, sama da 60 kuma ɓarnar wuta ce da taruwar farar ƙasa a jikin ƙarfen, ga shi ruwan Paris da Lyon dama yana da ita. Masu tsarin awanni takwas na wuta mai rahusa su duba takardarsu, domin daga Nuwambar 2025 kamfanin Enedis ya fara matsar da wasu awannin daga dare zuwa tsakar rana, lokacin da wutar hasken rana ke da yawa. Hitar da ke haɗe da mitar Linky za ta bi sabon lokacin da kanta. Wadda aka sa wa agogo na daban sai an sake saita ta da hannu.

Magana ta ƙarshe ga masu lodin kwantena. Duk tankin da aka cire a Saint-Denis ko Villeurbanne, akwai borgan da zai so ya turo shi Tema a matsayin hom-yus. Tankin da ya yi shekara goma sha biyar cikinsa cike yake da farar ƙasa, wuta kawai zai sha. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, kuma sababbin ƙa'idojin Hukumar Makamashi da suka fara aiki a Nuwambar 2023 sun faɗaɗa tsarin maki zuwa kayan wuta da dama, har da hitar ruwa. A tuntuɓi hukumar a Accra kafin a biya kuɗin jirgi.

Iyayenmu, idan yaranku sun kira ranar Juma'a, ku tambaye su harafin da ke kan takardar DPE ta ɗakinsu. Tana cikin takardun da aka ba su ranar da suka sa hannu a yarjejeniyar haya.