Daga Dajin Aljanu Zuwa Taurari

Akwai irin labarin da marubuci ke ginawa a kan tambaya ɗaya: da a ce kaza zai faru, yaya duniya za ta koma? Idan ya jingina amsarsa da kimiyya, kamar tafiya cikin kumbo, ko na'ura mai tunani, ko baƙi daga wata duniya, sai a kira shi ƙagaggen labarin kimiyya. Idan kuwa ya jingina ta da sihiri, aljanu, dodanni da ƙasashen da babu su a taswira, wannan shi ne labarin al'ajabi. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, kuma sau da yawa marubutan Afirka ba sa yarda a gina katanga tsakaninsu.

An daɗe ana sa Afirka cikin irin waɗannan littattafai, amma a matsayin daji kawai. A littafin King Solomon's Mines na Rider Haggard, wanda ya fito a 1885, da labaran Tarzan da Edgar Rice Burroughs ya fara a 1912, jarumin Bature ne, mutanen ƙasa kuwa galibi 'yan dako ne ko abin tsoro. Da marubutan Turai da Amurka suka koma hasashen shekaru ɗaruruwa masu zuwa, sai baƙar fata ya kusan ɓacewa daga labarin gaba ɗaya, kamar dai gobe ba da shi za a yi ta ba.

Alhali kuwa gida bai taɓa rasa abin faɗa ba. A 1938 D. O. Fagunwa ya wallafa Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale da Yarabanci, labarin wani maharbi da ya kutsa dajin iskoki, wanda Wole Soyinka ya mayar Turanci shekaru talatin bayan haka. A 1952 kamfanin Faber na Landan ya buga The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, mutumin Abeokuta. Labarin wani mashayin bammi ne da mai haɗo masa bammin ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuwa ya ce sai ya je garin matattu ya dawo da shi. Turawa suka yi ta yabo, wasu 'yan bokon Nijeriya kuwa suka ji kunyar Turancinsa, suna ganin ya ba da su. Yau ga shi ana karanta littafin a jami'o'in duniya. Mu ma a nan, gasar rubutu da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Ganɗoki ya fafata da Turawan mulkin mallaka, ya faɗa duniyar aljanu, sannan ya dawo ya tarar ƙasarsa ta sauya kama. Duk wanda ya karanta shi ya san ba jiya aka fara cuɗa tarihi da al'ajabi a adabinmu ba.

A can ƙetaren teku, jikokin waɗanda aka kwashe a zamanin cinikin bayi su ma sun waiwayo. Octavia Butler ta buɗe littafinta Wild Seed na 1980 a ƙasar Ibo, da wata mata mai suna Anyanwu wadda ba ta tsufa kuma tana iya rikiɗa. Charles Saunders ya fito da Imaro a 1981, jarumin takobi a wata ƙagaggiyar Afirka. A farkon shekarun 1990 wani mai sharhi, Mark Dery, ya raɗa wa irin wannan tafiya suna Afrofuturism, wato hangen gobe da idon baƙar fata.

Nnedi Okorafor ce ta fi kowa buɗe ƙofar a wannan ƙarni. An haife ta a Amurka a 1974, iyayenta Ibo ne. Tana 'yar wasannin motsa jiki aka yi mata aiki a ƙashin baya, ta farka ƙafafunta ba sa motsi, kuma a gadon jinyar nan ta fara rubutu. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta kafa shi, cikin shekarar 2070, da wata yarinya Musulma da ke ratsa Sahara. Who Fears Death, wanda ya ci babbar kyautar labaran al'ajabi ta duniya a 2011, a Sudan ta gobe yake. Amma wanda ya fi nuna gwanintarta a wurina shi ne Binti na 2015, wanda ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula.

Binti 'yar ƙabilar Himba ce ta Namibiya, mutanen da matansu ke shafa jar ƙasa da aka kwaɓa da man shanu a jiki da gashi. Ta sulale daga gida ba da sanin iyayenta ba, ta hau kumbo zuwa wata babbar jami'a a wata duniya, da tulun jar ƙasarta a cikin kaya. Mutane suna kallonta suna toshe hanci. Da wasu halittu suka far wa kumbon suka hallaka matafiya, sai ya zamana wannan abin shafawa da ake ƙyama yana warkar da raunukan maharan, ta haka aka sami hanyar sulhu. Abin lura shi ne, al'adar ba kwalliya aka yi wa labarin da ita ba. Cire ta, labarin ya rushe. Da wannan ma'auni nake auna sauran littattafan, domin da yawa suna ɗibar sunaye da tufafi da sunayen gumaka su yayyafa a kan labarin da ƙashin bayansa na Turai ne. Ita kanta Okorafor ta ce a daina sa aikinta ƙarƙashin sunan da Dery ya raɗa, ta ƙirƙiro nata, Africanfuturism, don ta bambance labarin da saiwarsa ke cikin Afirka da wanda ke leƙo ta daga Amurka.

Tade Thompson, likitan ƙwaƙwalwa Bayarabe da ke zaune a Ingila, ya bi wata hanya a Rosewater. Shekarar 2066 ce, wani baƙon abu daga sama ya kafa ƙatuwar ƙubba a Nijeriya, gari guda ya tsiro kewaye da ita saboda sau ɗaya a shekara takan buɗe, marasa lafiya su warke. Akwai cin hanci, akwai jami'an asiri, akwai 'yan damfara, Amurka kuwa ta yi shiru ba a jin ɗuriyarta. Littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Lauren Beukes ta Afirka ta Kudu ta riga shi cin ta a 2011 da Zoo City, Namwali Serpell ta Zambiya kuma ta biyo shi a 2020.

Shekarar 2018 ce kasuwa ta buɗe sosai. Fim ɗin Black Panther, mai ƙagaggiyar ƙasar Wakanda, ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi kuma ya shiga sahun littattafan da aka fi saye a Amurka. Na yi murna da wannan, amma abin da ya fi faranta mini rai ƙarami ne a ido: mujallar Omenana da Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a intanet a 2014, da kyautar Nommo da ƙungiyar marubutan wannan fanni na Afirka ta fara bayarwa a 2017, wadda ta ari sunanta daga halittun ruwa na al'adar Dogon ta Mali. A nan marubucin Enugu ko Nairobi ke samun mai karanta shi ba sai ya jira amincewar Landan ba.

Saura batun harshe, kuma shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk littattafan baya-bayan nan da na lissafa da Turanci aka rubuta su, don haka kakar da ta ba marubucin tatsuniyar ba za ta iya sauraron abin da ya yi da ita ba. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya nuna akwai mafita, domin da harshen Kikuyu ya fara rubuta ƙaton littafinsa Wizard of the Crow, sannan ya fassara da kansa. Hausa ma ta taɓa gwadawa. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Ƙafar al'ajabi ba ta gurgunce ba tun daga lokacin: littattafan yaƙi masu cike da bokaye, aljanu da sadaukai suna nan a kasuwannin Kano, ana karanta su a rediyo da YouTube, matasa na saurare har tsakar dare. Ƙafar kimiyya ce ta tsaya. Fiye da shekara hamsin ke nan, idan aka nemi misalin labarin kumbo da Hausa, sunan Kilba ake fara kirawa, kuma sau da yawa a kansa ake tsayawa.