Ko Kun Sani?

Tun kafin ƙaramar bindigar aljihu ta shigo ƙasar Adar, Abzinawa irin su Kel Geres na yankin Madawa suna da makaminsu na ɓoye, wato wuƙar telek. A hannun hagu ake ɗaura ta. Kubenta na da zoben fata da ake zura hannu a ciki, ƙotar tana kallon tsintsiyar hannu, hannun riga kuma ya rufe komai. Da an ga ba dama, sai hannun dama ya zare ta nan take.

Bindiga kuwa, komai ƙanƙantarta, riƙe ta a Nijar ba da izinin Ma'aikatar Cikin Gida ba laifi ne. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas.