Kamance: dabarar da ke sa kunne ya ga abin da ake faɗa masa

Idan aka ce an yi ruwa mai yawa, labari kawai aka bayar. Amma idan aka ce an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai mai sauraro ya ga ana tuttulo shi daga sama. Wannan dabara ita masana adabin Hausa ke kira kamance ko tamka, reshe ne na adon harshe da ɗaliban Hausa ke cin karo da shi a jarrabawar WAEC da NECO.

Kamance shi ne a jera abubuwa biyu mabambanta a nuna inda suka yi tarayya, ta hanyar kalmomi irin su kamar, tamkar, sai ka ce, ko awa a bakin Sakkwatawa. Waɗannan kalmomi ne ke raba shi da siffantawa, kuma a nan ɗalibai da yawa ke ruɗewa. Makaɗin fada da ya kira sarki giwa kai tsaye siffantawa ya yi. In ya ce sarkin tamkar giwa yake, ya koma kamance.

A fagen nazarin waƙa, inda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, marubucin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya yi fice, akan kasa kamance gida uku: na daidaito, da na fifiko, kamar a ce magana ta fi zuma zaƙi, da na kasawa, inda ake nuna wani abu bai kai wani ba.

Haddace rabe-raben ba shi da wuya. Wuyar tana wurin zaɓen abin da za a kamanta da shi. Bahaushe kan ce tagwaye sun yi kama kamar an tsaga kara, domin duk wanda ya taɓa tsaga kara ya san ɓarayin biyu ba su da maraba. Haka kuma “shiru kamar an aiki bawa garinsu”: cikin kalmomi shida an zuba tarihin bauta, an kuma haɗa da zolaya, tunda kowa ya san ɗan aiken ba zai dawo ba.

Wannan armashi ne ke ƙaranci a wasu littattafan soyayya da waƙoƙin zamani. Kusan kowace budurwa kamar wata ɗan daren sha huɗu take, har kamancen ya dushe, mai karatu na wuce shi bai ga komai ba. Mafi muni shi ne aro daga Turanci, a ce haƙora farare kamar dusar ƙanƙara, alhali mai karatu a Gumel ko Maraɗi sai dai ya gan ta a talabijin, ga kuma auduga da nono da gonar da rugar da ke bayan gidansu.