Kafin A Sayi Kwamfuta A Gida: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wata gwauruwa cikin ikilisiyarmu ta same mu a ƙofar ofishin makaranta, riƙe da jaka baƙa. Ɗanta na fari zai rubuta jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ba a yin ta sai da kwamfuta. Yaron kuwa bai taɓa sa hannu a kan madannai ba sai sau biyu ko uku. Domin haka da ta kwashi adashenta, sai ta ba wani ɗan unguwarsu kuɗin duka ya sayo masa kwamfutar cinya daga birni.

Ta ce, "Malam, ku duba mini. Da an zare caja sai ta mutu."

Muka ce, "Mama, kawo mu gani."

Jikinta sai ƙyalli. An liƙa mata takarda mai cewa Core i7. Da muka buɗe cikinta muka tarar Core i3 ce ta shekarar 2012, batirin kuma ya riga ya gama aiki. Ba rasit, ba lambar wayar mai kanti. Ba mu san ko ɗan aiken ne ya cuce ta ba, ko shi ma cutarsa aka yi. Abin da muka sani shi ne kuɗin wata goma na tuyar ƙosai ya tafi. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu rubuta wa iyaye abin da muka koya, gama mu ma a makarantarmu mun sha irin wannan kafin idonmu ya buɗe.

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara yin lissafin abin da ginin zai ci. Lissafin kwamfuta ba ya tsayawa a kan kuɗin da aka miƙa wa mai kanti. Akwai wuta, akwai data, akwai gyara, akwai batirin da za a canja bayan shekara biyu ko uku. Maigida da uwargida su zauna tukuna su tambayi juna: me za a yi da ita? In koyon buga rubutu ne, da gwajin tambayoyin jarrabawa, da shirya takardar sanarwar ikilisiya, to ba a bukatar mai tsada. In kuwa yaro zai shiga jami'a ya karanta zanen gine-gine ko haɗa bidiyo, wannan wata magana ce dabam, sai a tambayi malamansa.

Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, sai ta hannu wadda aka yi aiki da ita a Turai ko Amurka, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo. Ba laifi ba ne. A ganinmu ma, tsohuwar kwamfutar ofis irin su Dell Latitude, ko HP EliteBook, ko Lenovo ThinkPad, ta fi sabuwa mai araha ƙwari, kayan gyaranta kuma ba su da wuyar samu a Computer Village ta Ikeja, ko Banex ta Abuja, ko manyan kasuwannin Kano. Amma fa tsufa iri-iri ne.

Ga abin da ya sa muka ce haka. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, watau ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet, sai dai ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. In ta Intel ce, galibi sai ta zama tsara ta 8 ko sama da haka, watau daga 2017 zuwa yau. Saboda haka ofisoshi a ƙasashen waje suna ta zubar da tsofaffinsu, su ne kuma suke sauka a kasuwanninmu. Waɗansu masu kanti sukan cusa wa irin waɗannan Windows 11 ta bayan gida, mai saye ya ga kamar zamani ya yi. Za ta yi aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da kula da ita ba.

Yaya za a gane tsarar? Kada a dubi takardar da aka liƙa a jiki, gama takarda kowa yana iya liƙawa. A kunna kwamfutar, a danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya, a shiga inda aka rubuta Performance. Nan za a ga sunan injin na gaskiya. In aka ga i5-8250U, lambar farko bayan layin, watau 8, ita ce tsarar. In aka ga i5-3320M, tsara ta 3 ce, ta kwana biyu ƙwarai. Daga tsara ta 10 sai a karanta lambobi biyu na farko. Mutane da yawa suna zaton i7 kullum ta fi i5. Ba haka ba ne. Sabuwar i5 takan tsere wa tsohuwar i7, kamar yadda saurayi ɗan talaka yakan tsere wa tsohon basarake a gudu.

A wannan shafin kuma za a ga sauran abu biyu. Na ɗaya shi ne ram, watau teburin da kwamfuta take shimfiɗa aikinta a kai. Windows 11 tana yarda da gigabait 4, amma wanda ya saya da 4 zai koyi haƙuri ba da sonsa ba. A nemi 8. Na biyu shi ne rumbun ajiya. Tsohon iri, mai suna HDD, faifai ne da ke juyawa a ciki, yana da nawa, in kwamfuta ta faɗi kuma yakan lalace da dukan abin da ke cikinsa. Sabon iri, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Mun gwammace SSD mai gigabait 256 da HDD mai 1,000. A makarantarmu mun sa wa tsofaffin kwamfutoci biyu SSD, waɗanda dā sai a kunna su a je a sha ruwa a dawo, yanzu kafin malami ya gama share allo sun tashi.

Ranar saye, a je da safe, kada a je da gaggawa, a kuma tafi da wanda ya san abin. Kowace ikilisiya tana da irin wannan saurayi ko budurwa. A biya masa kuɗin mota, ba asara ba ce. A zare caja, a kunna bidiyo na rabin awa, a ga nawa batirin ya sauka. In ya sauka da rabi, a san cewa akwai kuɗin sabon batir a gaba, a rage shi cikin ciniki. A buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi ɗaya-ɗaya. A cika fuskar da fari fat, sa'an nan da baƙi, a duba ko akwai ɗigo ko layi. A gwada kowace kafa da fulashi, a gwada lasifika da kyamarar da ke sama, a buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko maƙalarsa ta yi sako-sako. Mai kantin da ya ɓata fuska domin ana gwaji, a yi masa sallama a ƙara gaba.

Akwai kuma wata magana da ta shafi shaidarmu ta Kirista. Kwamfutar da aka kawo da dare, ba caja, ba kwali, a rabin kuɗinta, mai ita kuma yana waige-waige, mun san ko wace iri ce. Ta wani ɗalibi ce da yake kuka a wani wuri. Mai sayen kayan sata yana ciyar da sata, doka kuma ba ta ƙyale shi ba. A karɓi rasit mai sunan kanti, a tabbata an rubuta lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar a kansa, da kwanakin garanti ko da na mako biyu ne. In kwamfuta ta nemi kalmar sirri tun kafin Windows ta tashi, ko ta nuna sunan wata makaranta ko kamfani na ƙasar waje ta ƙi wucewa, kada a yarda da "za a cire maka gobe." Haka nan batun manhajar sata. Wanda ba shi da kuɗin Microsoft Office, akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana rubutu da lissafi daidai gwargwado. Tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi ma ana iya sa mata Linux Mint, ita ma kyauta, ta ci gaba da amfani. Abin da muka yi wa ta gwauruwar nan ke nan, zumuntar mata kuma suka haɗa kuɗin batir.

Af, kafin mu manta: Windows tana da madannan Hausa a cikinta, masu ƙ da ɗ da ɓ. Sai a ƙara harshen Hausa a wurin zaɓen harsuna. Sakatarorin ikilisiya su lura, domin a daina buga mana "kasa" a inda ake nufin "ƙasa".

To, an saya an kawo gida. Maƙiyanta a ƙasarmu uku ne: wuta, ƙura, da zafi. Wutar da aka ɗauke aka maido da ƙarfi ita ce ta fi kashe caja, wani lokaci har da kwamfutar. In an ɗauke wuta a zare filogi, kada a mayar sai wutar ta zauna. In za a ta da janareta, a bari ya daidaita tukuna. Cajar aro ma a yi hankali da ita. A ƙarƙashin kwamfuta da jikin caja an rubuta ƙarfin wutar, misali 19.5V ko 20V, da 45W ko 65W. Shigar baki kaɗai bai isa ba, sai lambobin sun dace. Lokacin hunturu kuwa ƙura takan toshe fankar ciki. Alamarta ita ce kwamfuta ta riƙa huci, gindinta ya yi zafi, ta mutu da kanta ana cikin aiki. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma lallai bairos ba ne. A kai wa mai gyara ya buɗe ya share. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, gama ta ƙasa take shan iska. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa, a daina cajinsa a ranar, domin yana iya kama wuta.

Ba kowace matsala ce ta kai a biya kuɗi ba. In ta ƙi tashi, a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, a mayar a gwada. Sau da yawa shi ke nan. In kullum kwanan wata yana komawa baya, shafukan intanet kuma suna ƙin buɗewa, wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a ciki, galibi CR2032, ya ƙare, kuɗinsa kaɗan ne. In aka kai fulashi shagon buga takardu aka dawo aka ga fayiloli sun rikiɗe, kada a goge shi da sauri: yawanci bairos ɗin ɓoye su ya yi, suna nan. In shayi ko kunu ya zube a kanta, a kashe nan take, a kife ta, kada a sake kunnawa "don a gani" sai mai gyara ya duba.

Abin da ya fi ba mu ciwo a makarantarmu ba kuɗi ba ne. Wata shekara rumbun kwamfutar ofis ya mutu da sakamakon yara na zango biyu, da hotunan bikin yaye ɗalibai na shekaru da dama. Sakamakon mun sake haɗa shi daga takardun malamai, mako uku muna fama. Hotunan kuwa sun tafi, har da na wani dattijon ikilisiya da ya riga mu gidan gaskiya. Tun daga ranar, kowace Juma'a sai mun kwafe aikinmu a wuri na biyu, kwafin kuma ba ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutar.

Wannan ya kawo mu ga kyamara, gama ana yawan tambayarmu wace za a saya domin baftisma da ɗaurin aure da taron zumunta. Amsarmu ga yawancin gidaje ita ce, wayar da ke aljihu ta isa. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ku. 12 sun isa a wanke hoto mai girman takardar A4 ya fito tas. Inda waya take kasawa shi ne cikin majami'a mai duhu, ko ɗaukar mai wa'azi daga kujerar baya. In ikilisiya ta ga lalle tana bukata, tsohuwar Canon ko Nikon mai gilashin da ake cirewa za ta yi. A tambayi yawan hotunan da ta riga ta ɗauka, gama ƙananan irinsu da yawa an ƙiyasta musu kimanin 100,000. A cire gilashin a haska tocila ta cikinsa. In aka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, ba ta goguwa da ƙyalle. Katin mimori kuma na jabu ya yi yawa a kasuwa: a jiki an rubuta 64, cikinsa kuwa bai kai haka ba, sai ya riƙa cinye tsofaffin hotuna ba a sani ba. A cika shi da bidiyo a gida, a buɗe na farko da na ƙarshe a gani, tun ana sauran mako guda kafin ranar biki.