Abin da ya sa motar Mazda RX-8 ke zuƙar mai, da yadda mai ita zai rage asara

A takarda, injin motar Mazda RX-8 ƙarami ne ƙwarai. Girmansa lita 1.3 ne kacal, bai ma kai na Toyota Corolla mai lita 1.8 ba. Amma da an shiga gidan mai sai labari ya sha bamban. Ƙiyasin da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar kan samfurin mai giyar hannu ya nuna cewa galan ɗaya na fetur yana kai motar mil 16 a cikin gari, mil 22 a babbar hanya, wato kimanin kilomita 7 da kilomita 9 ke nan a kowace lita. Corolla ta shekarar 2009 kuwa, lita ɗaya tana kai ta kusan kilomita 11 a gari, 15 a hanya.

Dalilin wannan tazara yana cikin siffar injin kansa. RX-8 motar gudu ce da kamfanin Mazda na birnin Hiroshima a Japan ya ƙera daga 2003 zuwa 2012, kuma ba ta da fistin ko ɗaya. Tana amfani ne da injin rotari, wanda wani injiniya Bajamushe mai suna Felix Wankel ya ƙirƙiro, aka fara tayar da samfurinsa na gwaji a 1957 a kamfanin NSU na Jamus.

A injin da aka saba gani, fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda. A injin rotari kuwa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, ana ce da shi rota, yake juyawa a cikin gida mai kama da kwanson gyaɗa. Kusurwoyinsa uku suna gugar bangon gidan a koyaushe, don haka suna raba cikinsa zuwa ɗakuna uku masu tafiya. A lokaci guda, wani ɗakin yana shaƙar iska da mai, wani yana matse su ana kunna musu wuta, na ukun yana fitar da hayaƙi. Duk juyin rota ɗaya, sandar da ke kai ƙarfi ga giya tana yin juyi uku. RX-8 tana da rota biyu, kowane da ɗaki mai faɗin siisii 654. Babu bawul, babu kayan da ke tsayawa su koma baya, shi ya sa injin yake da santsi, ba shi da nauyi, yana iya kai zagaye 9,000 a minti ɗaya, yana kuma ba da ƙarfin doki kimanin 230.

To, amma ɗakin da mai ke ƙonewa a cikinsa dogo ne siriri, tamkar ɓawon kankana. Wuta ba ta son irin wannan wuri. Bangon da ke kewaye da ita yana da yawa idan aka kwatanta da ɗan abin da ke cikin ɗakin, saboda haka wani kaso mai tsoka na zafin da ya kamata ya tura rota yakan sulale cikin ƙarfe, ya ƙare a lagireto. Ƙari a kan haka, ɗakin yana tafiya yayin da wutar ke ci, sai harshen wutar ya kasa kaiwa ga lungun baya, man da ya maƙale a can ya fita bai ƙone ba. Wannan ne ya sa aka ba kowane rota fulogi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba.

Mazda ta daɗe tana fama da wannan. Ta sayi lasisin injin a 1961, ta fito da Cosmo Sport a 1967, sai rikicin man fetur na 1973 ya kusa durƙusar da ita, domin Amurkawa sun juya wa motocinta baya saboda shan mai. Kamfanin ya mayar da martani da wani shiri na inganta tsimin man injin da kashi 40 cikin ɗari, wanda ya share fagen fitowar RX-7 a 1978. A injin RX-8, wanda aka raɗa wa suna Renesis, an ɗauke ƙofar fitar hayaƙi daga bangon gidan aka mayar da ita gefe, ta yadda wani ɓangare na man da bai ƙone ba yakan zagayo ya sake samun wuta. Injin ya lashe kyautar gwarzon inji na duniya a 2003. Duk da haka, a 2010 aka daina sayar da motar a Turai don ta gaza cika sabuwar ƙa'idar hayaƙi.

Ke nan duk wanda ya ce zai mayar da RX-8 ta koma shan mai kamar Corolla, yaudara ce. Abin da mai mota zai iya dawowa da shi shi ne man da ke zubewa a banza saboda lalacewar kaya da kuma salon tuƙi, kuma wannan ba kaɗan ba ne. A ɗauki misalin mutumin da ke yin kilomita 1,000 a wata. Idan motarsa ta gaji har tana yin kilomita 5 a lita, zai sha lita 200. Idan ya dawo da ita kan kilomita 7 da aka ƙiyasta mata, lita 143 za ta ishe shi. Bambancin ya kusa cika tankin motar, wanda ke ɗaukar kimanin lita 60. A Nijeriya, inda farashin fetur ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wannan lissafi ba na wasa ba ne ga ƙalilan ɗin da suka mallaki motar ko suke sha'awar saye a kasuwar motocin hannu.

Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne wuta. Kowane fulogi na wannan inji yana tartsatsi sau ɗaya a duk zagayen sanda, alhali na injin fistin sai an yi zagaye biyu. Ga shi kuma injin yana yawo a zagaye mai yawa. Saboda haka kwayil huɗun da ke ba fulogan wuta suna tsufa da wuri, kuma raunin kwayil ɗin RX-8 sanannen abu ne tsakanin masu gyaranta, har da yawansu suna ba da shawarar a sauya kwayil da fulogi da wayoyinsu gaba ɗaya a wajen kilomita 50,000. Abin da ke da haɗari shi ne kwayil ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan yi ta raguwa a hankali, motar tana tafiya, direba bai ji komai ba sai dai ya lura yana yawan tsayawa a gidan mai. A lura kuma cewa fulogin gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Na gaba yana ɗauke da alamar L, na baya alamar T, kuma ba a musanya musu rami.

Raunin wuta ba a tanki kaɗai yake tsayawa ba. Man da bai ƙone ba yakan wuce cikin salansa, ya tarar da matatar hayaƙi, wadda makanikai a nan gida suke kira indomi, ya ƙone a cikinta. Hayaƙin injin rotari dama ya fi na sauran zafi. Idan abin ya daɗe sai matatar ta narke ta toshe, injin ya riƙa kokawa kafin ya fitar da hayaƙi, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya. Fasa matatar a zubar, kamar yadda wasu ke yi, bai magance tushen cutar ba, ya dai bar motar tana fesa wa jama'a ɗanyen mai. Na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin da wadda ke auna hayaƙi su ma suna da hannu, domin da bayanansu ne kwamfutar motar take yanke yawan man da za ta fesa. Ƙura tana ɓata ta farko, don haka a lokacin hunturu matatar iska tana buƙatar dubawa fiye da yadda littafin mota ya tanada.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejinmu wadda take cutar da kowace mota ta zamani, amma ta fi cutar da wannan: cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Kwamfutar mota tana ƙara mai matuƙar ta ga injin bai kai zafin aikinsa ba. Injin da aka cire wa tamostat yakan jima bai kai wannan zafin ba, musamman da safe ko a doguwar hanya, sai ya zauna yana shan abin da bai buƙata. In mota tana zafi, lagireto da fanka da famfon ruwa za a bincika.

Daga nan sai batun matsi. A kan kowace kusurwa ta rota akwai siririn ƙarfe da ke yin aikin da ringi ke yi wa fistin. Idan waɗannan ƙarafa suka cinye, matsi yana zurarewa daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma babu dabarar tuƙi da za ta rufe wannan ɓaraka. Alamar da aka fi sani ita ce motar ta tashi lafiya da sanyin safiya, amma ta ƙi tashi bayan ta yi zafi an kashe ta na 'yan mintoci. Ma'aunin matsi na injin fistin ba ya ba da cikakken hoto a nan. Akwai na'ura ta musamman da ke ba da lamba uku ga kowane rota, ɗaya ga kowace fuska. Wanda zai sayi RX-8 ta hannu ba tare da wannan gwaji ba, ya sani cewa caca yake yi, kuma arhar da ya gani a farashi wataƙila kuɗin sake haɗa inji ne aka cire masa.

Waɗannan ƙarafan kusurwa suna rayuwa ne da baƙin mai. Injin yana da ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa da gangan, don haka raguwarsa a kan sandar awo ba alamar lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Abin da ake so shi ne a riƙa duba sandar a kai a kai, misali duk bayan shan mai biyu. Wasu masu motar suna zuba ɗan man inji mai bugu biyu a cikin tankin fetur, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. Suna yin haka ne don kare ƙarafan, ba don tsimin fetur ba, kuma ba umarnin kamfanin ba ne.

Ta fuskar tuƙi, babban abokin gabar wannan inji shi ne gajeriyar tafiya. Daga tayarwa zuwa lokacin da ya ɗau zafi yana shan mai sosai, don haka wanda ke zuwa nan da can na kilomita biyu ko uku kullum yana tuƙa motar ne a mafi munin yanayinta. Gara a haɗa aike-aiken a fita ɗaya. Haka kuma ba a tayar da shi a kashe nan take, kamar don gyara fakin, saboda man da aka fesa yakan jiƙa fulogi injin ya ƙi tashi. In hakan ta faru, a danne totur har ƙasa yayin da ake murza makulli. Kwamfutar za ta yanke mai har ɗakunan su bushe. Barin mota tana aiki a tsaye don ta yi ɗumi shi ma asara ce. Ya fi kyau a tashi a tafi a hankali, ba tare da matsa mata ba, har allurar zafi ta daidaita.

A kan hanya kuwa, samfurin mai giya shida yana da ƙofofin shaƙar iska da ke buɗewa mataki-mataki. Ta biyu tana buɗewa kafin allura ta kai zagaye 4,000, wata kuma bayan 6,000, kuma kowace buɗewa tana tafe da ƙarin mai. A samfurin farko, gudun kilomita 100 a awa a giya ta shida yana daidai da zagaye kusan 3,000, gudun 120 kuma wajen 3,600. Wanda ya zarce haka ya shiga yankin da tanki ke saurin sauka. Idan za a rage gudu, a ɗaga ƙafa daga totur a bar motar cikin giya, domin a wannan hali kwamfuta tana tsayar da fesa mai gaba ɗaya, saɓanin sakin giya wanda ke barin injin yana ci. Iskar taya a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Sai dai a nan ne tsimi yake da iyaka, kuma wannan shi ne abin da masu sabawa da injin fistin suke yawan kuskurewa. Injin rotari ba shi da ƙarfin ja a ƙaramin zagaye. Wanda ya sa giya ta shida a cikin gari yana danna totur da allura a ƙasa da 2,000, yana wahalar da injin ne ba tare da ya adana wani abin kirki ba. Mafi muni, injin da kullum ake lallaɓawa yakan tara baƙin toka a fuskar rota da ramukan ƙarafan kusurwa, har su maƙale su daina toshe matsi, ƙofofin iskar da ba a buɗe su ma su cije. Shi ya sa masu gyaran wannan inji suke cewa lokaci-lokaci, bayan ya yi zafi sosai, a kan hanyar da babu cunkoso kuma cikin iyakar gudun da doka ta yarda, a bar shi ya hau zagaye mai yawa a ƙaramar giya. Rabin litar da za a ƙona a haka ya fi araha nesa ba kusa ba a kan buɗe inji.

Su kuwa ƙananan na'urorin da ake tallatawa, irin su maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai ko abin da ake sokawa a ramin kwamfuta wai yana rage sha, ba su da abin da za su yi wa siffar ɗakin ƙonewa.

Mazda ita kanta ta bi wata hanya dabam. Bayan shekara goma sha ɗaya da tsayar da RX-8, ta dawo da injin rotari a 2023 cikin motar MX-30 R-EV, amma ba ya juya taya. Rota ɗaya ne mai siisii 830, aikinsa kawai ya juya janareta ya ba batir da motar lantarki wuta. A haka kwamfuta ce ke zaɓa masa zagayen da ya fi dacewa da shi, ba ƙafar direba ba.