Gandu da Tanadin Tsufa a Arewacin Kano

A ƙauyukan da ke tsakanin Ungogo da Minjibir, har zuwa Bichi da Ɗambatta, gona na bin gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a riƙa ciyar da ƙasa da taki kowace shekara. Manomin wannan yanki ba shi da fansho, domin dokar fansho masu albashi ta fi shafa. Abin da yake dogara da shi in ƙarfi ya ƙare shi ne gandu.

Gandu kuwa yarjejeniya ce, ko da yake ba a rubuta ta. 'Ya'ya maza, har da masu aure, su yi wa uba noma, shi kuma ya ciyar da su daga rumbunsa, ya yi musu aure, ya yanka wa kowa gayauna. A dā har haraji yake biya musu, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a 1979. Ta haka ne tsoho yake ajiye fartanya alhali tuwonsa bai yanke ba. Amma Polly Hill, a littafinta na 1972 game da Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna cewa mai gonaki da yawa ya fi iya riƙe 'ya'yansa a gandu. Wato wanda ya fi bukatar mataimaki shi ne 'ya'yansa suka fi barinsa. A inda gado ya riga ya tsattsaga gonaki, ɗa ba shi da zaɓi sai ci-rani, kuma sau da yawa ci-ranin kan zama ƙaura.

To, a nan ne kunya take yin ɓarna. Bahaushe yana ganin rashin ta ido ne ɗa ya tayar da zancen tsufan mahaifinsa, sai a yi shiru har ciwo ya kwantar da shi, a jinginar da gona cikin gaggawa don sayen magani. Alhali kuwa shari'a ta ƙayyade lokacin shiri. A mazhabar Malikiyya wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita. Uban da ke son kyautata wa ɗan da ya zauna ya riƙe gida sai ya yi kyautar yana da lafiya, a gaban shaidu, ɗan kuma ya karɓi gonar tun kafin ciwon ajali. Mai hankali ba ya raba duka, yakan rage wadda zai ci.

Sha'anin uwa ya fi wuya. In maigida ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabon matansa, ko su huɗu ne shi za su raba, gandu kuma galibi yakan watse bayan rabon gado. Jinyarta, wato wanka da juyi da dama kunu, kan faɗa wuyan suruka ko 'yar da ke aure a wani gari, wadda ba ta fitowa sai da iznin mijinta.