Manhajar da ta riga na'urarta zuwa duniya

Akwatin rarraba intanet na ofis, talabijin mai shiga YouTube, allon gaban mota: da dama daga cikinsu ƙaramin Linux ne ke tafiyar da su. Masu harhaɗa shi kuwa sukan fara kunna shi ne a kan na'urar da babu ita a zahiri, wadda kwamfuta ke kwaikwayo.

Gogan masu wannan kwaikwayo shi ne QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003. Aikin QEMU shi ne ya karɓi umarnin da aka rubuta wa ƙwaƙwalwar Arm ko RISC-V, ya juya shi nan take zuwa wanda kwamfutarka ke ganewa. Bellard ɗin ma abin kallo ne. Shi ya fara FFmpeg, wanda manhajojin bidiyo barkatai suka dogara da shi. A ƙarshen 2009 ya lissafa lambar pi zuwa gurbi kusan tiriliyan 2.7 da kwamfutar kan tebur, a 2011 kuma ya tayar da Linux a cikin burauza.

A cikin allunan da QEMU ke kwaikwayo akwai wani mai suna virt. Babu masana'antar da ta taɓa ƙera shi, kuma da gangan aka tsara shi haka, don a huta da lalurorin allunan gaske.

Har ta kai manhaja na riga ƙarfe fitowa. Linux ya karɓi ƙwaƙwalwar Arm mai bit 64 a Disamban 2012, bayan an gina aikin a kan na'urorin kwaikwayo. Wayar farko mai irin wannan ƙwaƙwalwa, iPhone 5s, sai a Satumban 2013 ta shigo kasuwa.

Harhaɗawar ce ke cin rai. Yocto, tsarin harhaɗawar da Linux Foundation ta ƙaddamar a 2010, ba ya yarda da kayan aikin da ya tarar a kwamfutarka. Sai ya fara gina nasa tukuna, kamar maƙerin da zai ƙera guduma da awartaki kafin ya taɓa laujen da aka ba shi aiki. Shi ya sa ginin farko kan ɗauki sa'o'i ya cinye gomman gigabait, a ƙarshe a samu fayil ɗin da bai taka kara ya karya ba. Mai gaggawa gara ya nufi Buildroot, ya fi sauƙin kai.

Sirrin ƙanƙantar irin wannan Linux shi ne BusyBox. Bruce Perens ya fara shi a 1995 don mai girka Debian ya shiga faifan fulofi guda. Fayil ɗaya ne da ke yin aikin umarni sama da 300, yana duba sunan da aka kira shi da shi, sai ya rikiɗa. A kansa aka shigar da ƙarar da aka ce ita ce ta farko a Amurka kan karya lasisin GPL, a 2007.

Wanda ya kai kwaikwayon maƙura shi ne Dmitry Grinberg. A 2024 ya sa Intel 4004, ƙwaƙwalwar 1971 mai bit 4, ta kwaikwayi ƙwaƙwalwar MIPS don ta ɗauki Linux. Ta ɗauka, amma daga kunnawa zuwa ta shirya karɓar umarni sai da aka jira kwana 4.76.